In Tsohuwar Kwamfuta Ta Ƙi Tashi

(Kiɗan buɗe fili, sannan a sassauta shi)

Ina miƙa gaisuwa ga mutanen Saji, da Rurum, da Lausu, da Zurgu, da cikin garin Rano ta Autan Bawo, har can Kibiya da Tarai da Durba. Iyayenmu, Allah ya ƙara girma. Malaman makaranta, da masu shagunan buga takardu, da ɗalibai, yau ku matso kusa da rediyo. In da hali a ɗauko biro da takarda, akwai 'yan kalmomin da za a so a rubuta.

Zancenmu na yau na tsofaffin kwamfutoci ne, irin waɗanda aka yi niyyar ɗora musu wata babbar manhaja ba Windows ba, ana cikin aikin sai suka tsaya cak. A kunna, fuska ta yi baƙi ƙirin. Ko ta fito da layi ɗaya na Turanci, ta kafe a nan. Sai ka ji an ce, "Ai ta mutu, sai an kai ta Kano." Wani ma ba zai kai ta ba, ƙarƙashin gado zai tura ta, ƙura ta gama da ita. To da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci lafiyarsu ƙalau. Wani ɗan saiti ne bai daidaita ba, kuma sau tari ita kwamfutar da kanta tana faɗar inda ciwon yake. Mu ne ba ma tsayawa mu karanta.

Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu na hannu ne. Sun gama aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su a kwantena, suka sauka Legas, wasu suka bi ta kasuwar Computer Village da ke Ikeja, suka iso Kano, titin Beirut ko Farm Centre, daga nan suka shigo ƙauyukanmu. HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Kaya ne masu ƙwari, don aikin ofis na yau da gobe aka ƙera su. Sai dai manhajar da ke kansu ta tsufa ta bar su. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma an daina aiko mata da gyaran da ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shigowa. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa: tana neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, in kuma furosesar ta Intel ce, tana neman daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. EliteBook ɗin 2011 da ke shagon ƙanenka ba ta cikin lissafi.

Nan ne Linux ke shigowa. Wani ɗalibi ne a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, ya sake ta kyauta, mutane daga ko'ina suka sa hannu. Daga jikinta aka fitar da zubi iri-iri. Akwai Debian tun 1993. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya ƙaddamar a 2004. Akwai Linux Mint da ta biyo baya a 2006, ita ce ma nake fara nuna wa wanda ya saba da Windows, don ba ya shan wahalar gane ta. Babu kuɗin lasisi, babu batun an fasa ta ta bayan fage. Duk wanda ke da wayar Android a aljihu ma, Linux ce a ƙarƙashinta.

Kuma ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A 2007 an gwada shirin nan na kowane yaro da laftof ɗinsa a wata firamare da ke Galadima, a gefen Abuja, kuma waɗancan koren kwamfutocin da Linux suke aiki. A shekarar ce kuma aka yi cinikin kwamfutocin 'yan makaranta ƙirar Classmate guda 17,000 ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa, har shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa da ya ji ana shirin goge ta a sa Windows. A ganina, raba kwamfuta a makaranta shi ne mai sauƙin. Wanda zai tsaya a kanta ran da ta ƙi tashi, shi ake rasawa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Yarinyar da ta gama sakandare a Saji, in ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kibod ba sai ranar jarrabawa, an cuce ta tun kafin ta ga tambaya ta farko. Saboda haka kowace tsohuwar laftof da aka tayar a wannan yanki, wurin koyo ne aka ƙara wa yaranmu. Shi ya sa na ɗauki wannan magana da zafi.

Kafin ka taɓa komai, ɗan'uwa, abu biyu. Na farko, ka kwashe kayan mutane. Hotunan biki, takardun fili, sakamakon ɗalibai, furojet ɗin wani da ya yi shekara yana rubutawa. Kwafe su zuwa wani filashi ko wata kwamfuta, ka buɗe su a can ka ga sun buɗe. Amana ce. Manhaja in ta lalace ana sake ɗora ta, amma fayil in fomatin ya bi ta kansa, da wuya ya dawo. Na biyu, ka tambayi mai kwamfutar me yake yi da ita. In CorelDraw yake neman abinci da shi, ko manhajar gwajin JAMB ɗin da ya saya ta Windows ce kaɗai, kada ka goge masa Windows. Haka firinta: yawancin na HP suna aiki da Linux ba gardama, amma irin Canon LBP2900 da ta cika shagunanmu tana ba da wahala sosai. Gara a san wannan tun da wuri.

To yanzu, me ke faruwa daga lokacin da ka danna maɓallin kunnawa har ka ga hoton tebur?

Ku ɗauke shi kamar yadda saƙo ke tafiya a masarauta. Mai unguwa ne ke fara karɓa, ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Mai unguwar kwamfuta wata 'yar ƙaramar manhaja ce da ke zaune a jikin bod tun daga masana'anta, ita ake kira BIOS, sabon zubinta kuma UEFI. Ita ke farkawa da farko, ta duba ram, ta duba kibod, ta nemi inda za ta miƙa ragama. Dagacin shi ne mai tayar da manhaja, a Linux sunansa GRUB. Shi kuma ya kira hakimin, wato zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, ita ce ke tayar da sauran komai. In saƙo bai isa ba, ba ka cewa masarauta ta rushe. Tambaya kake yi, a hannun wa ya tsaya? Dukan gyaran da za mu yi magana a kai amsar wannan tambaya ce.

Saboda haka ka riƙe ƙa'ida biyu. Duk abin da kwamfuta ta rubuta, ɗauki hotonsa da waya, ko ka kwafe shi harafi da harafi. Sannan kada ka canza saiti biyu a lokaci guda. Canza ɗaya, gwada, in bai yi ba mai da shi yadda ka same shi, sannan ka matsa gaba. Wanda ya shiga BIOS ya juya abu biyar a tare, ko ta tashi bai san wanne ne ya yi maganin ba, in kuma ta ƙara rikicewa bai san hanyar komawa ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Mu fara da wadda ko tambarin kamfani ba ta nunawa. Ka kunna, fanka na juyawa, fuska baƙa, wataƙila tana ƙara ɗit-ɗit ko fitilar kibod na ƙyaftawa. Wannan babu ruwan Linux a ciki, don ba a ma kai gare ta ba. Cire caja, cire batir, danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. Buɗe murfin ƙasa, zare ram, share bakinta mai ruwan zinariya da abin goge fensir a hankali, hure ƙurar ramin, ka mai da ita har sai ka ji ta ce ƙas. Ƙurar hunturu da zafin bazara na ƙasarmu ba sa raga wa waɗannan abubuwa. In ram biyu ce, gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke jikin bod, CR2032, mai bolt 3. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS in an kashe kwamfuta. Alamarsa in ya mutu: kullum ka kunna sai ka tarar da kwanan wata ya koma shekarun baya, saitin da ka yi jiya kuma ya goge. Mutum zai gyara saiti, ya ɗora Linux lafiya, gobe ta ƙi tashi, ya yi ta zagin manhaja, alhali batirin da bai kai kuɗin katin waya ba ne ya gaza. A laftof da yawa za ka gan shi a naɗe da leda da 'yar waya mai kai biyu, irinsa za ka nema.

Sai wadda ke tashi lafiya amma ta ƙi ganin filashin da ka shirya. Nan ma kada ka fara zargin kwamfuta, fara da filashin. Kasuwa ta cika da na jabu, a rubuta 32GB a jiki, cikinsa bai kai kwata ba. Zai nuna maka ya karɓi fayil, amma abin da ya wuce ainihin cikinsa ya zube. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke tona asirinsu. Sannan shi fayil ɗin da ka sauke, wanda sunansa ke ƙarewa da ISO, na Linux Mint yana kusan 3GB. Da irin sabis ɗinmu mai zuwa yana ɗaukewa, sauƙin abu ne ya sauka da rauni ba ka sani ba. A shafin da ka sauke shi akwai wata doguwar lamba da ake kira SHA256. Ka sa kwamfuta ta lissafa ta fayil ɗinka, ka gwama su. In ko harafi ɗaya ya saɓa, fayil ɗin ya lalace. Shawarata ga malamai da masu shago a nan ita ce, mutum ɗaya ya sauke mai kyau, a tabbatar da shi, sauran su kwafa daga wurinsa. Babu haramci a ciki, lasisinta ma ya yarda da haka, kuma an huta da ƙona data.

Kada kuma ka ja fayil ɗin ka jefa cikin filashi kamar waƙa. Sai an rubuta shi da manhajar da aka yi don haka, irin Rufus, ko balenaEtcher, ko Ventoy. In Rufus ne kuma kwamfutar tsohuwa ce, zaɓi MBR a wurin da ya tambayi tsarin rabo. In ya ƙi tashi, sake rubutawa ka zaɓi abin da ya kira DD. Sannan ka lura da ramin da ka soka filashin. A kwamfutocin wajajen 2011, ramin USB mai shuɗin harshe sau da yawa ba ya tayar da filashi, koma baƙin.

Yanzu a rubuta waɗannan maɓallai. Da ka kunna, tun kafin tambari ya ɓace, za ka riƙa dannawa a kai a kai. HP: Esc, sannan F9 don zaɓen inda za ta tashi, F10 don shiga BIOS. Dell: F12 don zaɓe, F2 don BIOS. ThinkPad: F12 don zaɓe, F1 don BIOS. Toshiba da Acer: F12 da F2, sai dai a Acer da yawa F12 ɗin a kashe yake zuwa, sai ka shiga BIOS ka kunna shi. In kuma kwamfutar ta tsufa ƙwarai, irin ta zamanin Windows XP na farko da ba ta san tashi daga filashi ba sam, sai a ƙona fayil ɗin a faifan DVD.

Bari in ɗan ratse, don wannan ya shafi aljihu. Ran da za ka sayi laftof ta hannu, tun kana gaban mai shago ka danna maɓallin shiga BIOS. In ta tambaye ka kalmar sirri, ka ce, "Alhaji, a cire mini wannan, ko a canza mini wata." Kamfanonin da suka yi amfani da su a can sukan kulle, kuma a irin su EliteBook da ThinkPad cire ɗan batirin bod ba ya goge kullen. In ka kawo ta gida a haka, yawancin abin da zan faɗa nan gaba ba za ka iya yin sa ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan tsofaffin kwamfutocin da ke ƙin tashi in an zo ɗora musu Linux. Mun iso inda aka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Na ce muku akwai BIOS, akwai UEFI. Hanyoyi biyu ne na tayar da kwamfuta, kuma ba sa jituwa. Tsohuwar hanya, wadda za ka ga an rubuta Legacy ko CSM, tana zuwa farkon faifan ajiya ne, ta karanta wani ɗan gurbi mai bayit 512 kacal, ta bi umarnin da ta tarar. Sabuwar hanya kuwa wani keɓaɓɓen ɗan yanki take nema a faifan, mai ɗauke da fayilolin da sunansu ke ƙarewa da efi. Kwamfutocin da aka ƙera tsakanin wajajen 2010 zuwa 2013, waɗanda su ne suka fi yawa a hannunmu, sun faɗo a tsakiya, suna iya bin kowace. Nan rikicin yake. In ka danna F9 ko F12, sau da yawa za ka ga sunan filashinka sau biyu, ɗaya da UEFI a gabansa, ɗaya babu. Wanda ka zaɓa a wannan lokacin, a kan hanyarsa Linux za ta zauna. In ka ɗora ta ta hanyar UEFI alhali kwamfutar an saita ta ta riƙa tashi ta Legacy, aiki zai kammala sumul, ta ce ka zare filashi, ka zare, sai ta tarbe ka da "No bootable device" ko "Operating system not found". Linux tana ciki, ba abin da ya same ta. Ana neman ta ne a ƙofar da ba nan take ba. Shiga BIOS, juya saitin ya dace da hanyar da ka bi, shi ke nan.

In kuma so kake Windows da Linux su zauna tare, lallai su bi hanya ɗaya. A Windows 10, rubuta msinfo32 a wurin bincike, nemi layin da aka rubuta BIOS Mode, zai gaya maka Legacy ne ko UEFI. Windows 7 kuwa kusan kullum Legacy ce. Abin da ka gani, shi za ka zaɓa wa filashi. Akwai kuma wani tarko a tsohon tsarin MBR: manyan yankuna huɗu kaɗai yake yarda a yanka faifai. Laftof ɗin HP da yawa na zamanin Windows 7 da huɗun a cike suke fitowa daga masana'anta, sai mai ɗora Linux ya ga an ce masa babu wuri, alhali faifan rabinsa fanko ne. Sai an sadaukar da ɗaya, kuma wannan ba aikin gaggawa ba ne. In ba ka tabbatar da wanda za ka cire ba, tsaya ka tambayi wanda ya fi ka sani.

Ni dai ra'ayina, in faifan ƙarami ne kuma babu wata manhajar Windows da ta zame dole, a bar haɗa biyun. A ba Linux faifan gaba ɗaya. Rabin matsalolin nan daga zaman tare suke tasowa.

Sai Secure Boot, wanda ya zo tare da Windows 8 a 2012. Aikinsa ya hana duk abin da ba shi da sa hannun da aka amince da shi tayar da kwamfuta. Ubuntu da Fedora da Mint na yanzu suna wucewa, amma ƙananan zubi da yawa ba sa wucewa, sai ka ga saƙo mai ɗauke da kalmar "violation" ko "authentication". Ana kashe shi a BIOS. Amma ka kula: in Windows ɗin da ke kai an kulle faifanta da BitLocker, taɓa wannan saiti zai iya sa ta nemi wata doguwar lambar ceto. Tanadi lambar tukuna.

To a ce filashi ya tashi, ka ga jerin zaɓi, ka danna na farko, tambari ya fito, sai duhu. Wannan yawanci rashin jituwa ne tsakanin kanel da katin hoto, musamman tsofaffin Nvidia da ATI. Sake kunnawa. A jerin nan, Mint tana da layi mai cewa "compatibility mode", Ubuntu kuma "safe graphics". Zaɓi shi. In an riga an ɗora ta ne take wannan duhun, riƙe Shift lokacin tashi, ko ka riƙa danna Esc in UEFI ce, har jerin GRUB ya fito. Danna harafin E. Nemi layin da ke da kalmomin "quiet splash", ka ba da tazara a bayansu, ka rubuta nomodeset. Bari in jero haruffan: N, O, M, O, D, E, S, E, T. Sannan F10. Hoton ba zai yi kyau sosai ba, amma ka shiga, daga ciki sai ka nemi direban da ya dace. In kuma tambari ne ke ta juyawa ba ya gaba, danna Esc. Rubutun da ke ɓoye a bayansa zai bayyana, layin ƙarshe shi ne inda aka tsaya. Shi za ka ɗauka a hoto.

Wani saƙon kuma zai ce maka kanel tana neman "x86-64" amma "i686" ta tarar. Ma'anarsa furosesar mai bit 32 ce, kai kuma ka kawo mata manhaja mai bit 64. Irin su Pentium M, da Core Duo, da Atom N270 na ƙananan netbuk ɗin nan, duk 32 ne. Mint ta daina fitar da babban zubinta mai 32 tun Mint 20 a 2020, Debian ma da ta fitar da ta 13 a Agustan 2025 ba ta zo da mai ɗorawa na 32 ba. Amma antiX tana nan, an yi ta ne don irin waɗannan, ko da ram 1GB tana motsawa. In Pentium M ce ta yi ƙorafin PAE, akwai kalmar forcepae da ake ƙarawa a wancan layin da muka sa nomodeset. Kada kuma Windows ta ruɗe ka. Core 2 Duo da yawa an sa musu Windows mai 32, alhali su masu 64 ne. Sunan furosesa za ka duba. Mai ram 2GB, ba ta Lubuntu ko Mint ta Xfce. Mai 4GB, ta samu sarari.

Akwai lokacin da komai zai tafi daidai har wurin zaɓen faifai, sai ka ga babu faifan sam. A Dell musamman, leƙa BIOS wurin SATA. In yana kan RAID, ƙila Linux ba za ta ga faifan ba sai an mai da shi AHCI. In akwai Windows da kake son ajiyewa, ka sani wannan canji na iya hana ta tashi sai an shirya ta tukuna. Haka nan ka kashe abin da Windows ke kira Fast Startup, don yana barin faifai a kulle ko bayan ka kashe kwamfuta. In kuma faifan na ƙara ƙat-ƙat, ko ɗorawa na tsayawa a wuri ɗaya kullum, buɗe manhajar Disks daga cikin filashin ka duba lafiyarsa. Faifan da ya shekara goma yana juyi ya yi iya yinsa. In da hali a sa SSD ko ƙarami ne. Babu wani gyara da ke sabunta tsohuwar kwamfuta kamarsa.

Batun wuta kuwa, kun fi ni sani. Laftof ɗin da batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa, kuma GRUB a ƙarshen aiki ake rubuta shi. In wuta ta yanke kafin nan, sai a sake daga farko. Kada ka fara sai kana kan sola ko inbata, ko janareto mai isasshen mai.

Saura wadda aka gama ɗora mata, aka zare filashi, sai ta nuna baƙar fuska da rubutu "grub rescue". Mutane na tsorata da wannan, alhali albishir ne, don ya nuna GRUB ya farka, wurin da sauran kayansa suke ne ya ɓace masa. Yakan faru in an goge wani yanki na faifai, ko in wurin ɗorawa aka yi kuskure aka rubuta GRUB a kan filashi maimakon faifan ciki. Alamar wannan na biyun ba ta ɓuya: da filashi a jiki tana tashi, in an zare ta ƙi. Mai da filashin, tashi daga cikinsa, buɗe manhajar Boot Repair, wadda Mint ke zuwa da ita a cikin filashin, danna gyaran da ta ba da shawara. Sau da yawa nan take ƙarewa.

Wasu tsofaffin HP kuma suna da taurin kai, Windows kaɗai suke nema ko an goge ta. Danna F9, zaɓi "Boot From EFI File", shiga EFI, shiga ubuntu, ko da Mint ka ɗora sunan da za ka gani ke nan, ka zaɓi shimx64.efi. In ta tashi, ka san ciwon, sai a je BIOS a nuna mata wannan fayil ya zama na dindindin. Acer kuma sai ka sa mata kalmar sirri ta Supervisor kafin ta buɗe maka wurin da za ka ce ka amince da wannan fayil. Rubuta kalmar a takarda ka adana, kada ka kulle kanka a waje.

Ran da ta tashi, ƙila ka tarar babu Wi-Fi, yawanci masu katin Broadcom ne ke haka. Haɗa wayarka da kebul, kunna raba intanet ta USB, buɗe Driver Manager, zai kawo direban. In da Windows a gefe kuma ka ga agogonta ya koma baya da awa ɗaya, ba lalacewa ba ce: Linux na ajiye agogon bod a kan lokacin duniya, Windows na ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa guda. Saiti ɗaya ke daidaita su. Sannan ka shiga saitin kibod ka ƙara wanda aka rubuta Hausa ta Najeriya. Yana nan a ciki tun asali, da shi yaro zai rubuta ɓ da ɗ da ƙ da lanƙwasarsu yadda malamin Hausa ya koya masa.

Ɗalibanmu da ke makarantar fasahar karkara da koyon sana'a ta Kano Poly da ke nan Rano, da waɗanda ke jami'ar Wudil da Bayero, in kun zo hutu ku tambaya a firamare da sakandaren garinku ko akwai kwamfutocin da aka jingine a sito. Ku nemi izinin shugaban makaranta, ku je da filashi ɗaya ingantacce, da batirin CR2032, da ƙaramin sukudireba, da littafin rubuta abin da kowace ta faɗa. Ku ja yaro ɗaya ko biyu na makarantar su tsaya kusa da ku, su ne za su riƙa danna maɓallan, ku kuna gaya musu dalili.

Lokaci ya cim mana. Wanda ke da kwamfutar da ta ƙi tashi, ya aiko mana da abu uku: sunanta da lambarta kamar yadda aka rubuta a ƙasanta, yawan ram ɗinta, da ainihin rubutun da ta nuna. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, da su za mu buɗe fili. A huta lafiya. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe fili)